Saitin Ƙarshe da Yaya Ya Aiko

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da 'yar lelenka. Yaya tarin nan da ka ce na sanyi ne? Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a ƙasar da kake an kafa dokar hana mutum kiran uwarsa ne.

Ga rahoton da kwamfuta ta ɗauko daga inji na haɗa maka, ga kuma nawa rahoton, tunda ka kafa mini doka. Ka ce kwamfuta ba ta da kunne, ba ta da hanci, saboda haka duk gwajin da aka yi sai na zauna na rubuto maka abin da na ji, da abin da na shaƙa, da abin da jikina ya gaya mini. Ni da ko lokacin neman aure ban rubuta wa kowa wasiƙa ba, ga shi mota ta mai da ni marubuci.

Jiya da hantsi muka kai motarmu Auta gidan daino. Har yau Mama ba ta yarda akwai hankali a wannan aiki ba. A ɗora tayoyin mota a kan manyan gangunan ƙarfe, a ɗaure ta da igiyoyi gaba da baya, a kunna mata ƙatuwar fanka a fuska, sannan ƙato ya shiga ya taka totur har ƙasa, mota tana ihu tana gudu alhali ko taku ɗaya ba ta yi ba. Na ce mata ai haka ake auna ƙarfin inji. Ta ce ita ma da haka take auna hankalin 'ya'yanta. Amma ka san ta, ita ce fa ta raɗa wa motar suna, ta ce maza biyu ta haifa, ta uku kuma mu muka jajibo mata daga bayan garejin mutane, kaji suna ƙwai a kujerarta.

Dattijon nan mai daino da kansa ya ɗaure ta, ba ya yarda kowa ya taɓa masa igiya. Na ɗora kwamfuta a kujerar gefen direba, na jona ta da ƙwaƙwalwar mota, na zagaya mata bel don kada ta zame. Yaya, kai a can ba ka ganin abin da nake gani. Duk sanda ka shigo kwamfutar daga inda kake, sai in ga 'yar kibiyar nan ta fara yawo a kan allo da kanta, ba hannun kowa a kai, tana buɗe wannan tana rufe wancan da saurin nan naka na rashin haƙuri. Sai in ji kamar ƙofa ka buɗe ka zauna a gefena. Dattijo ma ya daina cewa kujerar kwamfuta, kujerar Yaya yake ce mata.

To ga rahoto. Kunne: na sa bututun tagullar nan da ka koya mini in ɗaure a jikin inji, robarsa tana kawo mini sauti har cikin kunne. Inji tas yake, babu ƙwas-ƙwas ko ɗaya. Turbo, mai tura wa inji iska, yana fara busa da wuri, yana feɗuwa mai daɗi. Hanci: ɗan warin fetur a salansa, alamar ka ba ta mai fiye da buƙatarta, na san kuma da gangan ka yi. Jiki: tana ja sumul, sai dai a sama tana yi kamar wadda aka riƙe wa riga. Allon dattijo ya nuna ƙarfin doki ɗari biyu da tamanin.

Na san halinka, kaɗan-kaɗan kake ƙara mata iska, sai ka ga rahoto kafin ka sake ƙarawa. Ban ƙi ba. Amma kada ka manta da alkawarin da ka yi a gaban Mama ranar da za ka tafi: ranar da Auta ta kai ɗari huɗu za ka yanki tikiti ka zo ka tuƙa ta da kanka. Shi ya sa nake matsa maka. Ba dawakan ne suka dame ni ba, kai nake so in gani.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba jiya. Da can muna aiki kana magana a kunnena, kana zagina in na saki totur da wuri. Jiya kuwa rubutu kawai ka yi ta yi mini a gefen allo. Ka sha magani muryar nan ta dawo, aikin ba ya armashi ba faɗa.

Ka gaida mutanen gida da kyau.

Ƙaninka,
Ƙafar Dama, kamar yadda ka laƙaba mini saboda son taka totur


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka ya jiki, tunda yanzu na san ba sanyi ba ne kawai. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Yaya Anti da ɗawainiya? Yaya 'yar tawa da makaranta?

Bari in fara da albishir. Saitin da ka aiko na loda shi, kuma Auta ta kai ɗari uku da sittin. Da na taka ta a giya ta huɗu, igiyoyi suka miƙe har suna kuka, bayana ya manne da kujera duk da ba inda za mu. Dattijo, wanda ko ɗaurin auren 'yarsa ban ga haƙorinsa ba, jiya na gani. Samarin garejin kusa suka cika bakin ƙofa da wayoyi. Na fito ina ta lissafin saura arba'in ka zo gida.

Amma a gwaji na biyu rana ta take, ɗakin ya ɗauki zafi, fanka iska mai ɗumi kawai take hurawa. Can sama na ji shi a bututun tagulla, ƙwas-ƙwas, kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Na ɗaga ƙafa nan take, ka yaba mini ko sau ɗaya a rayuwarka. Na san ma'anarsa, fetur yana kamawa kafin lokacinsa, in aka yi wasa fistin ya tafi. Man da nake samu a nan ba kullum yake da kyau ba, yau ka sha mai kyau, gobe a gidan mai ɗaya ka sha wanda ko janareta zai yi ƙorafi. A hanci kuma na ji ƙaurin zafi daga gefen turbo, ba na waya ba, na ƙarfe.

Wannan duk mai gyaruwa ne a wurinka. Abin da ya sa na kasa cin abinci daban ne. Yaya, kibiyar nan ba tafiyarka take yi ba jiya. Na san hannunka kamar yadda na san takunka a tsakar gida. Jiya tana tafiya a hankali, ta wuce inda za ta, ta dawo, ta tsaya tana neman akwatin da za ta danna a allo kamar baƙo a unguwa. Sau ɗaya ma ta tsaya cak, mota tana ta aiki a banza, lagireto yana ɗaukar zafi, dattijo yana duban agogo yana dubana. Na yi ta rubuta maka sallama, shiru. Da ta sake motsi sai ka rubuta wai ruwa ka tashi sha.

Da yamma na kira lambarka, Anti ta ɗauka, ta ce kana hutawa. A bayan muryarta na ji wata na'ura tana ƙara ɗiɗ, ɗiɗ, a jere. Ni bakanike ne, Yaya, da sauraren na'ura nake cin abinci, kuma babu na'ura mai irin wannan kuka a ɗakin kwanan mutum. Da na matsa mata sai ta ce gwaje-gwaje ne kawai ake yi maka a ƙirji, kwana kaɗan za a sallame ka. Ta faɗa da sauri, irin saurin wanda aka yi wa bitar magana.

Na tuna shekarun da ka yi a rufaffen ɗakin gwajin injina kafin a san da bututun jan hayaƙi, kana fitowa idanu jajur kana dariya. Ban ce shi ne ba, Allah ne masani. Amma tsoro ya kama ni, kuma ba na jin kunyar faɗa maka.

Ban gaya wa Mama komai ba. Ita ma ba ta tambaye ni ba, sai dai ta rage tsokana, kuma jiya na same ta a gareji tana goge ƙurar kujerarka da gefen mayafinta. Na fara bin takardun tafiya, ko da yake ka san yadda suke, sai su ce ka dawo. In ka ce kada in zo ma ba zan ji ba.

Ka bar aikin motar nan har ka warke. Ba inda za ta, a ɗaure take.

Ƙaninka mai yi maka addu'a,
Ƙafar Dama


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata jiki da sauƙi. Ina gaida Anti da yarinya. Mama tana nan lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Na ce ka bar aiki, ka ƙi. Mako ya zagayo sai ga sabon saiti, ba bayani, sai layi ɗaya wai in loda in gwada in rubuto. Na yi murna, na ce lallai Yaya ya miƙe. Na kwashi jiki na tafi gidan daino, samarin nan suka biyo ni a baya, har da masu cewa yau za a ga ɗari huɗu.

Ɗari uku da goma, Yaya! Na ɗauka igiya ce ta yi sako-sako, dattijo ya sake ɗaurewa, muka maimaita. Ɗari uku da goma. Na buɗe saitin na duba da ɗan sanin da ka koya mini. Ka rage wa turbo iska. Ka ja tartsatsin filogi baya. Ka ƙara mai har salansa tana wari. Ka sa in ruwa ya yi zafi ta rage ƙarfi da kanta, in baƙin mai ya yi ƙasa ta kashe kanta, in na wuce iyaka ta yanke mini totur kamar ɗan koyo. Ƙwas-ƙwas ɗaya na ji, ɗaya tak, a rana mai zafi, shi ne za ka kwashe dawakai hamsin ka zubar? Samarin suka watse suna dariya ƙasa-ƙasa, wani har yana cewa Auta ta tsufa. Dattijo kuwa ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni yaya jikin yayan nawa. Don haushi na juya masa baya.

Kuma ba ka shigo ba. Na zauna da kwamfuta a kujerarka, kibiya tana tsaye a kusurwa, na jira har dattijo ya fara kashe fitilu zai tafi cin abincin rana.

Ga rahotonka tunda doka ce. Kunne: tas. Hanci: warin mai. Jiki: sanyi ƙalau, kamar motar kai yara makaranta.

Bari in faɗa maka abin da zuciyata take raya mini, in ya so ka zage ni. Gani ka yi saura arba'in, ka ga alkawari ya matso, shi ne ka ja da baya. Ka saba da can, ka ga zuwa gida wahala ne, ka rasa yadda za ka gaya wa Mama, sai ka ɓoye a bayan saiti. In haka ne, ka fito fili. Na yafe maka ɗari huɗun. Ka zo a ɗari uku da goma, ka zo ko a jaki ne. In kuma ba haka ba ne, to mene ne? Shekara nawa kana koya mini cewa inji ba ya ƙarya, mai saiti ma bai kamata ya yi ba.

Tsohon saitin yana nan a ajiye a kwamfuta, na ɗari uku da sittin. In ban ji daga gare ka ba, zan mai da shi da hannuna. Ka san zan iya.

Ka kira ni, don Allah, ko tari ne ka yi mini a waya in ji.

Ƙaninka,
Ƙafar Dama


Zuwa ga Anti,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari. Yaya 'yata, tana cin abinci kuwa? Ki rungume mini ita. Mama tana gaishe ki, ta ce ba ta da bakin gode miki. Tana da ƙarfin hali a gaban masu zuwa gaisuwa, sai an watse take shiga ɗaki ta rufo ƙofa.

Takarduna sun fito, Anti, bayan an riga an kai shi. Zan zo duk da haka in gan ku, in tsaya a kansa in yi masa addu'a.

Tun ranar da muka yi doguwar wayar nan nake juya abin da kika gaya mini. A waya na kasa cewa komai, kin ji dai yadda na yi. Shi ya sa na ce bari in rubuto.

Ashe ranar da na ga kibiya tana ɓata hanya, hannunki ne. Shi yana kwance da robar iska a hanci, ke kina riƙe da kwamfuta a gefen gado, yana nuna miki da ido da ɗan yatsa, ke da ko bonet ba ki taɓa buɗewa ba. Ni kuwa ina can ina ƙorafin lagireto ya yi zafi. Kin ce saitin ƙarshen nan kwanaki kuka yi kuna haɗa shi, a cika akwati ɗaya ya huta, a cika wani ya huta, likita yana faɗa, shi yana cewa a bar shi ya gama wa yaron nan. Da furfurata a gemu, har ya tafi yaron nan nake a wurinsa.

Kuma kin faɗa mini dalilinsa yadda ya faɗa miki. Wai duk saitin da ya taɓa aiko mini, saiti ne mai buƙatar wani ya zauna yana duba rahoto, in mai ya canza a gyara, in zafi ya zo a rage. Na ɗari uku da sittin yana da daɗi, amma sai da mai tsaro. Shi kuma ya san mai tsaron ya kusa tashi. Shi ne ya yi wanda ba ya buƙatar kowa: wanda zai ɗauki mummunan mai, ya ɗauki zafin rana, ya ɗauki ƙafata. Kin ce da ya zo kan ƙafata sai da ya sa kika ƙara rage iskar kaɗan.

Na tambaye ki ko wasiƙata ta fushi ta same shi, ina fata ki ce a'a. Kika ce kin karanta masa ita tas, ya yi dariya har na'ura ta fara ƙara ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu. Wai da kika zo wurin jaki sai ya ce a maimaita masa. Sannan ya ce rahoton bai cika ba, a cikin fushi na yi shi, ki gaya mini in sake gwaji a rana mai zafi da man da ya fi kowane muni, in rubuto da hankali. Na gode da kika isar da saƙon. Na yi abin da ya ce, kuma ba ni da inda zan aika rahoton sai wurinki.

Shekaranjiya da tsakar rana na kai Auta. Na sha mai a gidan man da Yaya ya hana ni ko tsayawa a gabansa. Dattijo ya rufe ƙofa, ya kori samari, ya rage ƙarfin fanka da gangan don ɗakin ya yi zafi sosai. Tun ranar da na fara gwada saitin nan shi ya gane, ya ce mini mai saiti ba ya ɗaure mota haka sai in sallama yake yi. Ya ce akwai wani gwani da ya sani, in ina so zai haɗa mu ya kai ta ɗari huɗu cikin sati. Na ce masa a'a. Bai sake tayar da maganar ba.

Na ɗora kwamfuta a kujerar Yaya, na zagaya mata bel. Na taka har ƙasa, na sake takawa, na sake, ban tausaya mata ba, gumi yana shiga mini ido. Ga rahoto.

Kunne: na kasa kunne a bututun tagulla ina neman ƙwas-ƙwas ɗin nan, wallahi har so nake in ji shi, don in samu abin da zan kai ƙara. Babu. Tas take daga ƙasa har sama.

Hanci: ɗan warin mai a salansa, irin wanda yake bari da gangan. Babu ƙauri.

Jiki: da ruwa ya yi zafi a gwaji na ƙarshe, na ji ta rage ƙarfi da kanta a ƙarƙashin ƙafata, a hankali, ba fizga. Daidai yadda yake dafa mini gwiwa in na cika wuta lokacin da yake koya mini tuƙi. A nan ne na kasa ci gaba. Na kashe mota na kifa kai a sitiyari, dattijo ya fita ya ba ni wuri.

Allo ya nuna ɗari uku da goma. A nan za ta tsaya. Tsohon saitin na goge shi da hannuna kafin in fito daga ɗakin, don na san halina, wata rana samari za su zuga ni.

Jiya Mama ta ce in kai ta unguwa a cikin Auta, karo na farko tun da muka jawo motar. Na buɗe mata gaba, ta ƙi, ta shiga baya. Ta ce gaba da mai shi.

In 'yata ta girma ta tambayi irin aikin babanta, ki turo ta wurina. Zan sa mata bututun a kunne ta ji da kanta.

Sauran abu ɗaya, Anti, ki yi haƙuri da ni. Kin ce kwamfutarsa tana nan a kan tebur ba ki rufe ba. Tawa ma a kunne take a kujerarsa, kibiyar na mayar da ita kusurwar da kuka bar ta, na kasa rufewa. In kin samu sarari wata rana da hantsi, ki shiga kamar yadda ya koya miki. Ba sai kin buɗe komai ba. Ki ɗan motsa ta kawai in gani, sau ɗaya, sannan in rufe.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ƙanin mijinki,
Ƙafar Dama